Ruwan hauya na maƙeri ne, ƙota kuwa ta manomi

Bara da rani ɗan ƙanwata ya dawo Dantchiao daga Damagaram da takardar shaida a hannu. Wata uku ya yi yana koyon zanen gini da kwamfuta, kuma sai da uwarsa ta sayar da awaki biyu kafin kuɗin su cika. Kwana kaɗan da dawowarsa wani magini maƙwabcinmu ya zo gaisuwa, ya ce masa: "Samari, tunda ka yi karatun, zana mini ɗaki ciki da falo, ka faɗa mini bulo nawa zan buga, siminti buhu nawa mai gida zai saya."

Yaro ya buɗe kwamfuta. Kafin awa guda zane ya fito tsaf, har da ƙofa da taga. Da aka zo kan lissafi sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce: "Baba, akwai abin da ake saka wa manhajar ta yi wannan, amma ni ba a saka mini ba." Magini ya yi murmushi, ya tsuguna, ya ɗauki tsinke ya yi 'yan zane-zanensa a ƙasa. Kafin shayi ya tafasa ya faɗi adadin bulo.

Ban ga laifin yaron ba, domin abin da aka koya masa ya riƙe da kyau. Maganar da ta tsaya mini a rai ita ce "ba a saka mini ba". Wa ke yin wannan abin da ake sakawa? Me ya sa bai taɓa zuwa ransa ba cewa shi ma zai iya yin sa? A kan wannan nake so in yi magana da iyaye da 'yan'uwana malamai.

Manyan manhajojin zane, irin waɗanda injiniyoyi da masu tsara gine-gine ke aiki da su, ba a gama su ake sayarwa ba. Kamar hauya suke. Maƙeri ya ƙera ruwa, amma manomi ne ya san tsayinsa da ƙarfin damtsensa da irin ƙasar gonarsa, shi zai nemi ƙotar da ta dace da shi. Haka masu manhajar ke barin ƙofa a buɗe, domin mai aiki da ita ya rubuta wata 'yar ƙaramar manhaja ya maƙala mata, ta riƙa yi masa aikin da ya shafe shi. Bari in kira su 'yan maƙale. Wata ba ta wuce layi ashirin na rubutu ba, wata kuma ta girma har ta zama kamfani.

Abin ya daɗe. Kamfanin Autodesk na Amurka ya fito da AutoCAD a ƙarshen 1982. A 1986 ya saka mata wani harshen ba da umarni mai suna AutoLISP, wanda ya ba kowane mai zane damar koya wa manhajar sabon aiki. Daga nan masu awon filaye da masu zanen hanyoyi da masu harkar bututun ruwa kowa ya shiga sassaƙa ƙotarsa. Wani kamfani mai suna Softdesk da irin wannan aiki ya tashi, har Autodesk da kansa ya saye shi a 1997. Mu ma a nan ƙasashen da ke aiki da Faransanci muna da shaida a gabanmu. Duk wanda ya taɓa zama da masu awon filaye ko masu aikin hanya a Yamai ko Maraɗi ya ji sunan Covadis. To, Covadis a kan AutoCAD take hawa, kuma wani kamfani ne na birnin Brest a Faransa, Géomédia, ya rubuta ta saboda bukatar masu awo na can. Wato 'yar maƙale ce da ta girma. Mutanen Brest sun dubi aikinsu sun ƙera abin da ya dace da su, mu kuma muka saya.

Yanzu mu dubi namu aikin. Maginin Magarya yana bukatar abin da zai ƙirga masa bulo ko tubali daga zane. Mai walda a Dungas yana son ya san sandar ƙarfe nawa ƙofar gida za ta ci kafin ya faɗi kuɗi, don kada ya faɗi ƙasa ya yi asara, ko ya faɗi sama mai aiki ya gudu. Magada suna son a raba musu gona a kan zane kowa ya ga rabonsa, tun kafin rigima ta kai gaban hakimi. Babu wani kamfani a Kalifoniya ko Brest da zai zauna ya yi tunanin tubalin ƙasa, ko faɗin ɗakin da azara za ta iya ɗauka, ko yadda ake tsara zaure da shigifa don baƙo kada ya hango cikin gida. Kasuwarmu ta yi musu ƙanƙanta. In ba 'ya'yanmu suka rubuta ba, ba mai rubutawa.

Wani zai ɗauka abin na masu digiri ne. Mu gwada da lissafin da ya gagari ɗan ƙanwata. Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayin santimita 20, guda 12 da rabi ke cika murabba'in mita ɗaya na bango. Ɗaki mai mita 4 kowane gefe, kewayensa mita 16 ne. In tsayin bango mita 3 ne, an samu murabba'in mita 48. A cire 3 na ƙofa da taga, saura 45. A ninka da 12 da rabi, bulo 563 ke nan, sai a ƙara 'yan kaɗan saboda fashewa. Wane malamin CM2 ne bai koyar da kewaye da faɗin fili ba? Abin da 'yar maƙale ke yi shi ne ta karanta tsawon bangon daga zane, ta bi waɗannan matakai, ta fito da amsa. Yaron da ya fahimci lissafin ya riga ya yi rabin aiki. Sauran rabin shi ne ya iya faɗa wa kwamfuta matakan ɗaya bayan ɗaya da harshen da take ji.

A nan ne nake ganin muna kuskure a yadda muke koyarwa. Yawancin kwasa-kwasan da iyaye ke biya, danna maɓalli ake koyarwa: ga inda ake jan layi, ga inda ake yin da'ira, ga yadda ake bugawa a takarda. Yaro ya fito ya iya tuƙi bai taɓa buɗe gaban mota ba. Ranar da aka sauya fasalin manhajar, ko aka ce masa ya yi abin da babu maɓallinsa, sai ya koma kamar bai yi karatu ba. Irin wannan ma'aikaci shi ne mafi araha a ofis, shi ne kuma farkon wanda ake sallama. Wanda ya iya rage aikin kwana uku ya koma na awa biyu da 'yan layukan da ya rubuta, shi mai ofis ke riƙewa.

Sai dai akwai tambayar da ya kamata a yi kafin a sa yara wannan hanya: a filin wa za su yi ginin? Tun 2016 Autodesk ya daina sayar da AutoCAD sayarwa ta har abada, ya koma haya, a biya duk wata ko duk shekara. Gaskiya ne yana ba ɗalibai da malamai damar amfani kyauta don karatu, amma ranar da yaro ya fara neman kuɗi da ita, sai ya biya. SketchUp, wadda masu zanen gidaje ke so saboda sauƙinta, ta fito a 2000, Google ya saye ta a 2006, ya sayar wa Trimble a 2012. Dubban mutane sun rubuta mata 'yan maƙale da harshen Ruby. Amma ta kyauta da ake saukewa a kwamfuta ta tsaya daga fitowar 2017, wadda ta maye gurbinta kuma a intanet take aiki, ba ta karɓar 'yan maƙale. Ba zagin kamfanonin nake ba, kasuwa suke yi kuma kayansu ne. Abin da nake cewa shi ne zanen aro ba ya rufe katara. Mun kuma san abin da ake yi a ɓoye: manhajar sata ce a yawancin kwamfutocin da yaranmu ke koyo da su. Malamin da ke koya wa yaro amana da safe bai kamata ya saka masa kayan sata da yamma ba, balle ma irin waɗannan kwafe-kwafen kan zo da ƙwayoyin cutar da ke lalata na'ura.

Akwai wata hanya. FreeCAD manhajar zane ce da wani Bajamushe, Jürgen Riegel, ya fara da abokansa a farkon shekarun 2000, masu sa kai daga ƙasashe da yawa suka yi ta gina ta har fitowarta mai lamba 1.0 a Nuwamban 2024. Kyauta ce, halal ce a kwafa a ba wani, kuma in an sauke ta sau ɗaya tana aiki ba intanet. Abin da ya fi burge ni a matsayin malami shi ne wata 'yar taga da take da ita: duk abin da ka danna, sai ta nuna maka umarninsa a rubuce da harshen Python. Yaro ya ja akwati, ya ga layin da ya haifi akwatin. Ya sauya lamba, akwati ya sauya. Daga nan ya gane cewa babu tsafi a ciki. Labarin Blender ma abin koyi ne. Da kamfanin da ke da ita ya karye a 2002, masu amfani da ita suka yi karo-karo suka tara Yuro dubu 100 cikin mako bakwai, suka fanshe ta, ta zama ta kowa har yau.

Wannan karo-karon ba baƙon abu ba ne gare mu. Gayya ce. Ilimin gini ma a ƙasar Hausa ta hannun jama'a ya rayu. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da gidajen unguwar Birni a Damagaram masu ado a fuska, ba daga littafi aka koyi yin su ba. Yaro ne ke bin ubangidansa yana miƙa tubali har ya san yadda ake ɗaura bakan gizo, a samansu kuma ga Sarkin Magina. Falke Barmu, maginin ƙauyen Yama a jahar Tawa, da irin wannan ilimi ya gina masallacin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Abin da ke faruwa a duniyar manhajojin zane bai bambanta da wannan ba: wani ya rubuta, wani ya gwada ya ce ga inda ta karye, wani ya gyara, sabon shiga ya karanta aikin na gaba da shi ya ƙaru. Yaron da ke aiki shi kaɗai a ɗaki, matsala ɗaya za ta tsayar da shi mako guda. In su biyar ne, kafin la'asar an wuce wurin.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fuska. Mushe, a garin da yara ke karatu a rumfar zana, wuta ba ta tsayawa, wani ɗan aji shida bai iya karanta sunansa ba, kai kana zancen Python? Maganar tana da nauyi, kuma ban ce a bar koyar da karatu a koma kwamfuta ba. Amma a duba da kyau: kuɗin ana riga ana kashe su. Awakin ana sayarwa, yaran suna tafiya Damagaram da Maraɗi da Kano suna yin kwas ɗin. Tambayata ita ce me za su dawo da shi. Kuma matakin farko ba ya bukatar wuta. Malamin lissafi zai iya sa yara su auna ajinsu da igiya, su rubuta matakan ƙirga bulo a allo, na ɗaya kaza, na biyu kaza, yadda wanda bai san komai ba zai bi ya samu amsa. Wannan shi ne ainihin rubuta manhaja. Tsohuwar kwamfuta ɗaya da faifan hasken rana a kwaleji sun isa a gwada sauran.

Wasu kuma za su ce masu ɗaukar aiki AutoCAD da Covadis suke tambaya. Haka ne, kuma yaro ya koye su. Wanda ya fahimci yadda ake ba manhaja umarni a FreeCAD ba zai sha wuya da AutoLISP ba, kamar yadda wanda ya iya sassaƙa ƙotar hauya ba ya rasa yadda zai yi da ta gatari.

Saboda haka ga roƙona. Uba ko uwa, kafin ku biya kuɗin kwas, ku tambayi mai koyarwa: bayan zane, za a koya wa yaron ya rubuta abin da zai sauƙaƙa masa aiki? Manhajar da za a saka masa ta halal ce? In ya dawo, ku haɗa shi da magini ko mai walda ko kafinta na unguwa, ya zauna ya ji yadda suke lissafi, domin ilimin da zai zuba a kwamfutar yana kawunansu. Malamai kuma, musamman na cibiyoyin koyon sana'a da na kwaleji, mu ware yamma ɗaya a mako yara masu sha'awa su haɗu, kowa ya nuna abin da ya gwada, wanda ya gane ya koya wa na baya. 'Yan mata su shiga, domin aikin nan ba ya bukatar ɗaukar buhun siminti. Ɗalibanmu da ke jami'ar André Salifou ta Damagaram da makarantar EMIG ta Yamai, in sun zo hutu, su ba ƙannensu kwana biyu. Abin da aka rubuta kuma a sa masa bayani da Hausa, tunda tun 2025 ita ce harshen ƙasa a Nijar, don magini ya karanta da kansa.

Ɗan ƙanwata dai ya koma wurin maginin nan da littafi da biro. Sati uku yana binsa wurin aiki. Yanzu yana da 'yar manhajarsa mai ƙirga bulo, ba ta kai shafi ɗaya ba. Ranar da ya fara gwada ta, ta ba da adadin da ya zarce na magini da kusan hamsin. Suka zauna suka bi ta layi-layi, yaro na karantawa, dattijo na gyaɗa kai, har suka gano ya manta bai cire ƙofa da taga ba. Magini ya ce: "To, gyara. In ka gama, akwai lissafin siminti."

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya sa abin da muke kashewa a kansu ya amfane su ya amfani gari.