Bayan kwalbati, ina ruwan yake zuwa?

Jama'ar Jega, Aliero da Maiyama.

Duk lokacin kamfe sai a yi mana alƙawarin kwalbati da magudanan ruwa. Madalla, muna so. Amma ni tambayata ɗaya ce: idan ruwan wanka da na wanki da na makewayi ya bi kwata ya bar ƙofar gidanka, ina yake ƙarewa? Ai ba ɓacewa yake yi ba. Ko dai ya taru a kududdufin bayan gari, ko ya kwanta a unguwar da ke gangare, ko kuma, kamar a Jega, damina ta kwashe shi zuwa Gulbin Zamfara, inda ake kamun kifi ana ban-ruwan lambu.

Haka zancen salga. Idan ta cika, mai gida ya biya masu kwasa, shi ke nan ya huta. Su kuma da yake ba a ware musu wuri ba, duk fegin da suka ga babu ido nan za su juye. Ruwan sama ya wanke, ƙasa ta tsotse, rijiyoyi su sha. Daga nan sai amai da gudawa da taifod, ga sauro. Ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda Kebbi na cikin jihohin da ta taɓa.

To aikin wa ne? Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora kula da bahayan jama'a da ƙazamin ruwa da shara a wuyan ƙananan hukumomi. Kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka ciyamomi da kansiloli, wannan kayanku ne.

Kada wani ya ce sai an kafa irin matatar Wupa ta Abuja. Garuruwa irin namu tafkunan tacewa sun ishe su. Ana haƙa uku a jere, nesa da gidaje da rijiyoyi, a daɓe ƙasansu. Na farko mai zurfi ne, a nan dauɗa ke kwantawa. A na biyu da na uku, marasa zurfi, rana da iska ke kashe mafi yawan ƙwayoyin cuta. Ba ruwansu da wutar NEPA, fili kawai suke ci, mu kuwa Allah ya hore mana fili da rana. Lakar da aka kwashe, idan ta bushe sosai, taki ce.

Shawarata ita ce kowace ƙaramar hukuma ta ware fili tun kafin 'yan fuloti su cinye bayan gari, a yi wa masu kwasa rajista, a hana juyewa ko'ina sai can. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ga kwalejin kiwon lafiya a Jega. Masu zane da masu duba-gari suna nan gida.

Na san tafkin ƙazanta ba ya kyau a fosta, ba a yanka masa ƙyalle da kiɗa. Amma wallahi kuɗinsa bai kai na jinyar gari guda ba. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, namu ne ko na wasu, mu tambaye shi inda zai kai ruwan.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.