Adireshin da Waya Ke Zaɓa a Kantin Kwari: Fa'idodi da Illoli

Ɗan kasuwar da ke tura hoton shadda daga Kantin Kwari zuwa Maraɗi yakan riƙe waya mai layi biyu, ga kuma Wi-Fi na shago. Kowace hanya tana ba wayar adireshin intanet nata, wani lokaci har iri biyu: tsohon samfuri IPv4 da sabo IPv6. Duk saƙon da zai fita sai an liƙa masa adireshin mai aikowa, kamar yadda ake rubuta suna a jikin dila kafin a kai tasha, domin amsa ta san inda za ta dawo. Wayar ce ke zaɓar adireshin da za a liƙa, mai ita bai ma sani ba.

Ba da ka take yi ba. Ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da ƙa'ida a 2003, ta sabunta ta a 2012: a guji adireshin da wa'adinsa ya ƙare, a fifita na hanyar da saƙon zai bi, sannan na wucin gadi ya sha gaban na dindindin.

Fa'idar a fili take. Yaron shago ba ya buƙatar sanin ko ɗaya daga cikin wannan kafin ya karɓi oda. Adireshin wucin gadi kuma, da yake sauyawa yake yi, yana wahalar da masu bin sawun mutum a intanet.

Illar ta fi damuna, domin ta shafi kuɗi. Yawancin hulɗar waya da kwamfutar banki a ɗaure take da adireshin da aka fara da shi. Idan aka ɗauke wuta, Wi-Fi ya mutu, wayar ta koma kan data, adireshi ya canza, hulɗar ta yanke. Mai saye bai ga sakamako ba, mai atamfa bai ga alat ba, ga kaya an riga an ɗaure. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ciniki mai yawa ya koma taransifa, saboda haka irin wannan yankewa kan zama gardama tsakanin mutanen da suka daɗe da amana.

Akwai sabuwar ƙa'ida mai suna QUIC, ta 2021, wadda ke barin hulɗa ta ci gaba ko adireshi ya sauya, amma ba kowace manhaja ke amfani da ita ba. Ni a ganina, mai biyan kuɗin dila ya kashe Wi-Fi maras tabbas kafin ya fara, in kuma ta yanke, ya duba asusunsa kafin ya sake turawa.