RA'AYINMU: WASIƘAR DA BA KAN SARKI, WA KE BIYA?

Yawancin masu karanta wannan mujalla gobe su ne za su zauna a kujerun ofis, da hatimi da ambulan na gwamnati a gabansu. Saboda haka muka ga ya kamata mu waiwayi tarihin wata alfarma, watau damar da akan ba manyan ma'aikata ta aika wasiƙa ba tare da sun manna kan sarki ba.

A Ingila abin ya kafu, inda 'yan Majalisa suka nemi wannan dama a 1660. Hujjarsu kuwa mai kyau ce: wakili ya ji kukan waɗanda suka zaɓe shi, ya kuma amsa musu. Amma ba a daɗe ba sai abin ya lalace. Wakilai suka riƙa sa hannu a bangon wasiƙun da ba a rubuta kome ba, suna rabar wa dangi da abokai da 'yan kasuwa. A 1764 aka yi doka cewa dole wakili ya rubuta adireshin duka da hannunsa, duk da haka ba a daina ba. Talaka kuwa, a farkon ƙarni na 19, fiye da sule guda yake biya kafin ya karɓi wasiƙar da ta taso daga Landan zuwa Edinbura. Sai a 1840, da Rowland Hill ya kawo tsarin aika wasiƙa a kan kwabo ɗaya, aka soke alfarmar.

Amurka ma ta ɗauki al'adar a 1775. Ɓarna ta sa aka soke ta a 1873, amma kafin 1895 'yan Majalisa sun maido wa kansu ita kaɗan-kaɗan. A 1973 kuma aka sake gyara dokar, aka hana aika takardu jingim dab da zaɓe, domin mai riƙe da kujera yana tallan kansa da kuɗin jama'a, abokin takararsa yana biya daga aljihu.

Ba mu ce a hana wakili rubuta wa mutanensa ba. Abin da muke cewa shi ne, babu wasiƙar da ke tafiya kyauta. In mai aikawa bai biya ba, mai biyan haraji ya biya. Lalle ne a ƙayyade kowace alfarma, a kuma bayyana wa jama'a lissafinta kowace shekara.

Ku kuma 'yan'uwa, ran da aka damƙa muku ambulan ɗin ofis, ku tuna amana ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.