Takunkumin Barci Da Hancin Da Ya Ƙi Buɗewa

Na yi niyyar in yi magana kan shirin jarrabawar yara a wannan wata, sai wani abu ya faru a gidanmu wanda na ga ya fi gaggawa, tun da har yanzu hazo bai washe ba.

Yayana direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lome zuwa Sinkase, wani lokaci har Wagadugu. Duk baƙon da ya taɓa kwana a zaurenmu a nan Zongo ya san minsharinsa, kuma da can abin dariya ne a wurinmu. Dariyar ta ƙare ran da barci ya sace shi a kan sitiyari kafin su kai Atakpame, da rana tsaka, sai da yaron motarsa ya daka masa tsawa. Allah Ya kiyaye. Likita ya sa aka auna barcinsa dare guda, aka tarar numfashinsa yana ɗaukewa fiye da sau 30 a kowace awa, wato maƙogwaro ya rufe na daƙiƙa 10 ko fiye, sai jiki ya zabura ya buɗe shi. Mai wannan lalura ba ya ƙoshi da barci, ga kuma hawan jini da take jawowa.

Maganin da aka rubuta masa wata ƙaramar na'ura ce mai hura iska ta tiyo zuwa wani takunkumi da ake ɗaurawa a hanci, iskar ta riƙe maƙogwaro a buɗe har safiya. Likitocinmu suna kiranta PPC da Faransanci, 'yan'uwanmu na Gana da Nijeriya kuma suna cewa CPAP. Wani likita mai suna Colin Sullivan ne ya ƙirƙiro ta a birnin Sidni na Ostiraliya, ya bayyana ta ga duniya a 1981. Ɗan Yaya da ke Faransa ya aiko da ita, kuma wata biyu na farko sai sam barka. Yaya ya daina gyangyaɗi ko a wurin huɗubar Juma'a.

To, da Disamba ta kama, na shiga ɗakinsa gaisuwa sai na hangi kwalin na'urar a ƙarƙashin gado. Na ce, "Yaya, lafiya aka ajiye ta?" Ya ce, "Malam, an gudu ba a tsira ba. Hancina ya toshe kamar an cusa auduga, ga atishawa, ga goshi yana sara mini kowace asuba. Ashe abin mura yake sa wa."

Ba mura ba ce, kuma Hajiya matarsa ce ta gano bakin zaren, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta ce da zarar barci ya yi nauyi sai bakinsa ya wangale, ta riƙa jin iska tana fita fuuu, da safe kuma ya tashi harshe a bushe yana neman ruwa. Ga yadda likitan ya warware mana abin da muka koma. Aikin hanci ne ya ɗumama iskar da muke shaƙa, ya kuma jiƙa ta, sa'annan idan muka fitar da numfashi ta hancin sai ya karɓi wani sashe na damshin da ya bayar. Amma idan na'ura tana tura iska ta hanci tana ficewa ta baki, hanci yana ta bayarwa ke nan dare guda, ba abin da ke dawo masa. Sai fatar cikinsa ta bushe, jini ya taru a wurin, ta kumbura, hanya ta ƙuntata. Hanci na toshewa kuwa, dole mutum ya ƙara buɗe baki, yoyon ya ƙaru. Kumburin nan ne kuma kan rufe ƙofofin kogunan da ke cikin ƙashin goshi da kumatu, waɗanda likitoci ke kira sinus, har kai ya yi nauyi. Yawancin shekara damshin teku yana rufa mana asiri a Lome. Iskar hunturu ce ta tona.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maganin feshi da Yaya ya saya a hanya ba da takardar likita ba. Irin wannan feshi yana buɗe hanci cikin 'yan mintoci, amma idan aka wuce kwana 3 zuwa 5 ana amfani da shi, sai hancin ya koma ba ya buɗewa sai da shi. Yaya ya kai mako uku. Mu malamai mun san irin wannan, kamar bulala ce a aji: ranar farko tsit, bayan wata guda ba ta hana kowa surutu.

Gyaran bai ci kuɗi da yawa ba. Ashe na'urar ta zo da ƙaramin tanki mai ɗumama ruwa don iskar ta ɗauki tururi, yana nan cikin leda ba a ko kwance shi ba, domin Yaya ya ɗauka kayan gyara ne. Ana zuba masa tataccen ruwa na farmasi, in babu, ruwan da aka tafasa ya huce, a zubar da ragowar kowace safiya a shanya tankin. Kada a ɗiga turare a ciki, kada kuma a shafa basilin a hanci, yana lalata robar takunkumin. An ba shi maɗaurin haɓa, aka ce in bai isa ba akwai takunkumi mai rufe hanci da baki tare. Kafin ya kwanta yana wanke hanci da ruwan gishirin nan da mata ke ɗiga wa jarirai, gram 9 na gishiri a lita 1. Wannan bai ba shi wahala ba, ya ce ai shaƙa ruwa da facewa tun yana ɗan shekara bakwai yake yi sau biyar a rana. Sai dai wannan da dafaffen ruwa ake haɗawa, ba na buta ba. Matatar iska da ke bayan na'urar kuwa, da muka ciro ta, ta yi ja kamar titin unguwa.

Amma idan majina ta yi kauri ta canja launi fiye da kwana 10, ko zazzaɓi ya shigo, ko gefe guda na fuska yana ciwo, ko fatar ido ta kumbura, to abin ya wuce ruwan gishiri. A nemi likitan hanci da kunne da maƙogwaro, akwai sashensu a asibitin Sylvanus Olympio da ke Tokoin. A tafi da na'urar, kuma kada a taɓa ƙarfin iskarta da ka, likita ne ke saita shi.

Yaya ya sha wuya kusan mako biyu kafin hancinsa ya manta da feshin. Ranar Asabar da ta wuce ya tashi zuwa Sinkase da na'urar a jakarsa, da jarkar dafaffen ruwa da Hajiya ta damƙa wa yaron mota.