Maƙeri Ba Ya Aron Fartanya

Ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta kan ɗauki umarnin maimaita aiki tamkar dokar da ba ta taɓuwa. Lisp, harshen da John McCarthy ya ƙirƙiro a MIT a 1958, ya ƙaryata wannan zato. A Common Lisp, dotimes da dolist da when duk makro ne: suna karɓar rubutun umarni tun kafin a zartar da shi, su sake masa fasali. Saboda haka mai rubutu na iya ƙera nasa salon maimaitawa. Sai dai a yi hattara, domin sunan da makro ya ɓoye a cikinsa na iya cin karo da na mai rubutun. Gensym ne maganin wannan. Ina ganin lokaci ya yi da jami'o'inmu za su yaye maƙera, ba masu aro ba.