Girka ba jini take dubawa ba, zaɓe take yi

Duk sa'ad da aka tashi yabon ƙasashen da ba sa mantawa da 'ya'yansu na ƙetare, sai ka ji an ambaci Girka. Wai uwa ce mai riƙon zumunci: ko a Melbourne aka haife ka, ko a unguwar Astoria ta New York, muddin kana da jinin Girkawa, fasfonka na nan yana jiranka. Ni ban yarda da wannan yabo ba, kuma dokokin ƙasar su ne shaiduna.

A takarda, maganar tana da daɗin ji. Dokar zama ɗan ƙasa ta 2004 ta ce duk wanda uwarsa ko ubansa ɗan Girka ne, shi ma ɗan ƙasa ne tun ranar da aka haife shi. Amma je ka ofishin jakadanci ka gani. Abin da za a nema shi ne sunan kakanka a cikin dimotologio, wato kundin rajistar iyalai na ƙaramar hukumar garinsu, ko a kundin maza da ake ɗiban soja da shi. Daga nan sai ka jero takardun aure da na haihuwa, wannan na riƙe da wancan kamar sarƙa, kowace da hatiminta da fassararta. In kakan ya sauka Amurka ya gajarta sunansa daga Papadopoulos zuwa Pappas, aikinka ne ka tabbatar mutum ɗaya ne. In auren kotu ya yi kafin 1982, lokacin da hukuma ba ta san wani aure ga mabiyin Cocin Otodoks ba sai wanda limamin coci ya ɗaura, to ka ƙara ɗaura ɗamara. In kuwa ta wajen uwa ka samo asali, sai a 1984 aka ba matar aure ikon gadar wa ɗanta ƙasa. Kafin nan jininta ba ya cikin lissafi.

Wannan wahala ce, amma mai haƙuri yakan kai gaci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da sunansu yana cikin kundin sarai, hukuma ta bi ta soke.

Yarjejeniyar Lausanne ta 1923, wadda ta yi musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya, ta bar Musulmin yammacin Thrace a gidajensu, a Komotini da Xanthi da ƙauyukan kewaye. Cikakkun 'yan ƙasa ne. Sai dokar 1955 ta zo da sashe na 19, wanda ya ce duk ɗan ƙasar da ba ƙabilar Girkawa ba ne, in ya fita ba da niyyar dawowa ba, ana iya ƙwace masa ƙasa. Wa yake karanta niyyar? Jami'in gwamnati. Mutum ya tafi ci-rani masana'antun Jamus, ko karatu Istanbul, ya je sabunta fasfo, a karɓe a ce masa ai kai ba ɗan ƙasa ba ne yanzu. Ba kotu, ba a ji ta bakinsa ba. Daga 1955 zuwa 1998 kimanin mutum 60,000 aka yi wa haka, mafi yawansu Musulmin Thrace. An soke sashen a 1998, amma ba a mayar wa kowa haƙƙinsa kai tsaye ba. Wanda yake so, sai ya nema kamar baƙo, a ƙasar da aka binne cibiyarsa.

Haka aka yi wa 'yan gudun hijirar yaƙin basasa na 1946 zuwa 1949. Da gwamnati ta buɗe musu ƙofar dawowa a 1982, sai ta ce 'yan ƙabilar Girkawa kaɗai.

Mu a nan ma mun ga wani gefen wannan tsari. A Atina aka haifi ɗan wasan ƙwallon kwando Giannis Antetokounmpo a 1994, iyayensa 'yan Najeriya ne. A unguwar Sepolia ya tashi, yana tallar tabarau da agoguna a bakin titi tare da yayansa, Girkanci yake yi, amma ba shi da takardar kowace ƙasa. Sai a Mayun 2013, ana saura makonni ƙungiyoyin ƙwallon kwando na NBA su yi zaɓen sababbin 'yan wasa, aka ba shi ɗan ƙasa. Sa'o'insa da ba su iya ƙwallo ba sun ci gaba da jira, har dokar 2015 ta ba da dama ta hanyar shekarun makaranta.

Za a ce ƙasa mai mutum miliyan 10 tana da ikon jawo jikokinta. Ba na musu, kuma ba na ƙyashin jikan da ke Ostareliya ya samu fasfon kakansa, haƙƙinsa ne. Amma in asali ne ma'auni, jikan manomin taba na Xanthi yana da hujja daidai da tasa, har ma da ƙari, domin kakansa bai bar zama ɗan ƙasa don kansa ba, fitar da sunansa aka yi.

Ya kamata Majalisar Girka ta mayar da waɗanda sashe na 19 ya cinye cikin kundin, su da 'ya'yansu da jikokinsu, ba tare da sa su roƙo ba. Kafin a yi haka, a daina kiranta uwa mai riƙon zumunci.