Wasan Dabo Da Cacar Gidan Giya: A Koya Ko A Bari?

Wani uba ne ya tsayar da mu bayan an tashi daga sujada, ya ce ya tarar da ɗansa yana koya wa ƙannensa wasan tsinken ashana, irin wanda ake cin kwalba da shi a gidan giya. Shin ya tsawata masa ko ya ƙyale shi? Amsar da muka ba shi ita ce a bar yaro ya koya, har ma uban ya zauna ya koya tare da shi, amma kada ko kwabo ya shiga ciki. Ga dalilanmu.

Mu fara da wasan kansa. Ana zuba tsinken ashana 21 a kan tebur. Mutum biyu suna ɗauka bi da bi, ɗaya ko biyu ko uku, wanda ya ɗauki na ƙarshe shi ya faɗi. Mai wayon sai ya ce maka, "Kai ne babba, fara." In ka ɗauki ɗaya ya ɗauki uku, in ka ɗauki biyu ya ɗauki biyu, in ka ɗauki uku ya ɗauki ɗaya. Kowane zagaye tsinke huɗu ke tafiya. Bayan zagaye biyar 20 sun tafi, saura ɗaya, kuma kai ke da ɗauka. Babu sa'a a nan, babu laya, lissafin firamare ne kawai.

Haka kuma wanda zai shiga ɗakin taro ya sa kuɗi cewa akwai mutum biyu a ciki da ranar haihuwarsu da watanta suka zo ɗaya. Kai kana tunanin kwana 365 ne a shekara, sai ka ga ya yi ganganci. Alhali in mutanen sun kai 23, yiwuwar ya ci ta ɗan haura rabi, domin ana iya haɗa mutum 23 bibbiyu ta hanya 253. In sun kai 50, yiwuwar ta kai kashi 97 cikin ɗari. Shi ya san haka, kai ne ba ka sani ba.

To, me ya sa muke cewa a koya? Domin rashin sani ya fi dare duhu. Yaranmu suna barin gida da kuɗin makaranta a aljihu, su bi ta tasha, inda 'yan wala-wala suka shimfiɗa karta uku. Mai kartar yakan riƙe biyu a hannu ɗaya, ya jefa ta sama kamar ta ƙasa ya jefa. Waɗanda kuwa kake gani suna ci suna murna, abokan aikinsa ne, an tsayar da su ne domin kwaɗayinka ya motsa. Mun taɓa zama da wani matashi a ajinmu da ya bar kuɗin zangon karatunsa duka a irin wannan wuri, ya kwana biyu yana jin kunyar komawa gida. Da wani ya nuna masa wannan jifa a tsakar gidansu, da ya wuce abinsa.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan nauyi. Mutanenmu da yawa in sun ga abin da ba su gane ba, nan da nan su ce asiri ne, ko kuma su ce al'ajibi ne. Ba sabon abu ba ne; Ayyukan Manzanni sura 8 ta ba da labarin Siman da ya daɗe yana rikita mutanen Samariya da sihirinsa. A Amurka, a shekarar 1986, wani gwanin rufa ido mai suna James Randi ya tona asirin wani mai wa'azin warkarwa, Peter Popoff, wanda yake kiran sunayen marasa lafiya da cututtukansu a tsakiyar taro yana nuna an bayyana masa ne daga sama. Ashe matarsa ce take karanta masa takardun roƙon addu'a da mutane suka cika, ta wata 'yar na'urar rediyo da ke cikin kunnensa. Ku lura, wanda ya san dabo shi ne ya gano abin da ya shige wa dubban masu zuwa sujada duhu.

Mun san wasu dattawa za su ce mana wasa farin girki, yau tsinken ashana, gobe kwalba, jibi albashi. Tsoronsu yana kan hanya, ba mu raina shi ba. Shi ya sa muka ja layi a kan kuɗi. Wanda ya sa kuɗi a kan abin da ya riga ya san ƙarshensa, abin da yake yi ya ma wuce caca, sata ce da murmushi. Ko kwalbar lemo ɗaya ya ci, ya ci ta ne da jahilcin ɗan'uwansa, kuma ranar da ɗan'uwan ya gane, abokantaka ta samu tabo.

Saboda haka muna ba iyaye da shugabannin matasa shawara uku. Na ɗaya, a yi waɗannan wasanni a fili, a taron Kirsimeti ko daren biki, inda yara da manya za su yi dariya tare. Na biyu, kada a sa kuɗi, ko abin sha, ko wani abin hannu. Na uku, duk wanda ya nuna dabara, wajibi ne ya bayyana yadda take kafin a watse, domin kowa ya koma gida ya fi yadda ya zo wayo.

Uban nan ya dawo mako na gaba yana dariya, ya ce sau huɗu ɗansa ya kayar da shi kafin ya gane batun huɗu-huɗu. Yanzu ƙaramar 'yarsa ma ba ta yarda ta fara ɗauka. Allah ya kiyaye mana zuriya daga hannun macuta, amin.